Amsoshin Tambayoyinku: Jirgin Fata a Ƙasar da Babu Bishiya

Tambaya: Wani mai bibiyar wannan fili daga Yauri, a jihar Kebbi, ya rubuto yana cewa: "Na ga hoton mutanen can ƙuryar arewacin duniya, waɗanda ake ce wa Eskimo, mutum ɗaya cikin wani siririn jirgi a tsakiyar ƙanƙara. An ce mini a ƙasarsu ko bishiya ɗaya ba ta tsirowa. Mu a nan sai an sami gungume ko katako ake maganar jirgi. To su da me suke yin nasu? An kuma ce da fata suke rufe shi, yaya aka yi ruwa ba ya shiga ta wajen ɗinki? Har yanzu ana yin irinsa? Kuma da za a gwada da fatar saniya a kogin Kwara, zai yi?"

Amsa: Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma wanda ya ba ka labarin bai yi maka ƙari ba. Gaɓar tekun Aktik, tun daga Cukotka a gabashin Rasha, ta Alaska da arewacin Kanada, har zuwa Girinlan, ba ta da dajin da mutum zai shiga da gatari. In ka haƙa ƙasa kaɗan za ka tarar da ita a daskare, lokacin ɗumi kuma 'yan makonni ne, don haka abin da ke tsirowa bai wuce ciyawa da gansakuka da 'yan tsirrai masu rarrafe ba. Mutanen wurin, waɗanda yawancinsu suka fi son a kira su Inuwit, noma bai yiwu musu ba. Rumbunsu teku ne. Da hunturu suna farauta a kan ƙanƙara da ƙafa da karnuka, amma da zarar ta narke, wanda ba shi da jirgi sai dai ya jira abin da maƙwabta za su sam masa.

Jiragen nasu iri biyu ne. Akwai kayak, wanda ka gani a hoto: siriri, a rufe sama da ƙasa, da rami ɗaya a tsakiya inda mutum zai zura ƙafafunsa ya zauna. Wannan na mafarauci ne. Akwai kuma umiyak, babba, buɗaɗɗe, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, wanda ke kwashe gida guda da yara da karnuka da tanti. Dabarar yin su ɗaya ce: a ɗaura ƙwarangwal na itace, a lulluɓe shi da fata. Itacen ba shi ke tare ruwa ba, aikinsa kawai ya riƙe wa fatar siffa. Shi ya sa itacen da ba zai ishi masassaƙinku yin ko gefe ɗaya ba, su ya ishe su jirgi sukutum.

Itacen kuwa teku ke kawo musu. Kudu da ƙasar ƙanƙara akwai manyan dazuzzuka a Saberiya da Kanada da cikin Alaska, manyan koguna kuma suna ratsa su: Ob da Yenisei da Lena a Rasha, Makenzi a Kanada, Yukon a Alaska. In ƙanƙarar kogunan ta fashe wajen Mayu da Yuni, ruwa kan taho da ƙarfi ya zaizaye gaɓa, ya tumɓuke bishiyoyi da saiwoyinsu, ya tura su teku. Da a ruwa kawai gungumen zai yi ta yawo, da ya sha ruwa ya nutse tun bai yi nisa ba. Sai dai sanyi na shigowa ƙanƙara ke kama shi ta riƙe, ita kuma ƙanƙarar teku ba a tsaye take ba. Tafiya take yi a hankali, daga gaɓar Saberiya ta bi ta kusa da tsakiyar ƙuryar duniya, ta sauko ta gabashin Girinlan, inda za ta narke ta saki kayanta. Gungume kan yi shekaru a wannan hanya. In ya iso, ɓawonsa ya tafi, ya yi fari fat, gishiri ya ratsa shi.

Turawa ma ta wannan itacen suka gano yadda ƙanƙarar ke tafiya. A 1881 ƙanƙara ta matse wani jirgin Amurka mai suna Jeannette ya nutse a arewacin Saberiya. Bayan shekara uku, a 1884, sai ga tarkacen kayansa a kan wani falalen ƙanƙara kusa da Kakortok, can kudu maso yammacin Girinlan, wato ɗaya gefen duniyar ke nan. Wani ɗan ƙasar Norwe, Fridtjof Nansen, ya haɗa wannan da gumagumen Saberiya da ake tsinta a Girinlan, ya ce lallai akwai hanya. Ya sa aka ƙera masa jirgi mai suna Fram, ya kai shi ƙanƙara ta kama shi da gangan a 1893, sai a 1896 ta sake shi kusa da tsibiran Sibalbad. Hanyar da ya sha wuya ya tabbatar, tun ɗaruruwan shekaru ita ke kai wa mafarautan Girinlan itace.

Tun da abin ba a hannun kowa yake ba, itace dukiya ne. A Girinlan al'ada ce, wanda ya tsinci gungume ya ja shi sama inda ruwa ba ya kaiwa, ya ɗora masa dutse, to ya zama nasa, ba mai taɓawa ko da zai shekara bai dawo ba. Mutum kan daɗe yana tara itacen jirgi ɗaya. A tsakiyar arewacin Kanada, inda teku ba ya kawo abin kirki, a da mutanen Netsilik guntaye suke haɗawa, a fere bakin wannan a fere na wancan, a ɗaure su su zama dogo ɗaya, inda itace ya gaza kuma a cike da ƙashi ko ƙahon karibu, wato barewar ƙasar ƙanƙara.

In itace ya samu, sai awo. Babu tef, babu zane a takarda, jikin mai jirgin shi ne ma'auni. Kowane yanki da lissafinsa, amma wanda aka fi sani shi ne: tsawo kamar gaba uku na mai shi, faɗi kuma ƙugunsa da dunƙulen hannu ɗaya a kowane gefe, zurfi dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe. A Girinlan wannan kan ba da jirgi mai tsawon mita 5 ko fiye kaɗan, faɗinsa wajen rabin mita. Ka ga ke nan ba abin aro ba ne. Ƙato ba zai shiga na siriri ba, siriri kuma in ya shiga na ƙato zai yi ta yawo a ciki, alhali ana so cinyoyinsa da gwiwoyinsa su manne da jirgin, yadda in ya karkata ƙugu jirgin zai karkata tare da shi.

Daga sama ake fara gini, ba daga ƙasa ba. Za a tsaga gungume, a sassaƙe dogayen katakai biyu na gefe, a haɗe bakunansu gaba da baya, a buɗe tsakiya da sanda har siffar ta fito. Sai a jera 'yan sanduna a gicciye tsakaninsu, kowace a zura kanta cikin ramin da aka huda mata. Mahudin 'yar sanda ce mai tsini: mutum ya ciji wani guntun ƙashi, ya danne kanta da shi, ya naɗa mata tsirkiyar ɗan baka yana ja gaba da baya da hannu ɗaya, ɗaya hannun na riƙe da itacen. Bayan nan a kifar da aikin a sa haƙarƙari. Waɗannan sirara ne, a jiƙa su a ruwan zafi, mai aikin ya riƙa cizon wajen da zai lanƙwasa da haƙoransa, kaɗan kaɗan, har itacen ya saki ya tanƙwaru bai karye ba. A tsofaffin jiragen da ke gidajen tarihi har yau ana ganin shatin haƙora a jikin haƙarƙarin. Daga ƙarshe a shimfiɗa ƙashin bayan jirgin da wasu sirara biyu a gefensa, daga goshi zuwa wutsiya.

Duk wannan ɗauri ne, da jijiya ko igiyar fata ko wani abu mai kama da ƙaho da ake cirowa a bakin kifin wel, sai 'yan turakun itace nan da can. Kada ka ɗauki rashin ƙusa a kan talauci, domin ko bayan da Turawa suka kawo ƙarfe, masu abin ba su bar ɗauri ba. Mahaɗar da aka ɗaure tana ɗan motsi. In igiyar ruwa ta bugi jirgin ko ya gogi ƙanƙara, sai ya ɗan lanƙwashe ya koma daidai. Wadda aka kafe da ƙusa kuwa, ko itacen ya tsage ko ƙusar ta yi tsatsa ta ɓula fata. Ga shi kuma ba nauyi: mafarauci kan ɗora kayak ɗinsa a ka ya ƙetare tudu da shi.

Aikin namiji ya ƙare a nan. Abin da ya gina kuwa, in ka sa shi a ruwa a haka, kwando ne. Wanda ke mai da shi jirgi mata ne, kuma a ganina nan ne gwanintar take, ko da yake littattafan matafiya sun fi yawan surutu a kan mafaraucin.

Fatar ta sil ce, wata dabbar teku mai shayarwa, mai kitse, wadda ke fitowa shan iska ta kwanta a kan ƙanƙara. Ba a jeme ta kamar yadda majemanmu ke yi. Ana kankare kitsen da wata wuƙar mata mai bakin jinjirin wata, wadda suke kira ulu, sannan a ajiye fatar a naɗe ta ɗan ruɓa har gashin ya saki, ko a tsoma ta a ruwan zafi a kankare shi. Wari kam ba a magana. Fata ɗaya ba ta isa, sai an haɗa da yawa, kuma kowace na zuwa da nata ramukan: inda mashi ya shiga, da inda hannuwan dabbar suke. Waɗannan ake fara toshewa. Zaren kuma jijiyar karibu ce ko ta wel, a busar, a tsattsaga ta siri siri, a tufka ko a kitsa ta kamar gashi.

Yanzu ga amsar abin da ya fi ɗaure maka kai. Ruwa ba ya shiga ta ɗinki saboda babu rami ko ɗaya da ya ratsa daga waje har ciki. Za a ɗora bakin fata ɗaya a kan na ɗaya, su haɗu da ɗan faɗi. Mai ɗinki ta soka allura ta huda fatar farko gaba ɗaya, amma in ta iso ta biyu, ba ta fasa ta. Sai ta shiga rabin kaurinta, ta bi ta cikin naman fatar, ta fito ta gefen da ta shiga. Haka za ta bi layin nan duka. Sannan a juya aikin, a yi layi na biyu ta ɗaya fuskar, wannan karon fatar da aka huda ɗazu ita ce ake shiga rabinta. Layi biyu ke nan, kowanne ramukansa sun toshe da lafiyayyar fata a bayansu. Ido ba ya ganin inda allurar take a cikin fata, yatsa ne ke ji. In ta kuskure ta fasa, dole a gyara wajen tun ba a wuce ba, don ɗigon ruwa ɗaya a daki, a teku rai ne. Sannan jijiya na da wani hali da zaren auduga ba shi da shi: in ta jiƙe sai ta kumbura, ta cike ramin da allura ta bari.

Dole fatar ta kasance a jiƙe tun daga farkon ɗinki har ƙarshe, don haka ba aikin da za a ajiye a dawo gobe ba ne. Matan unguwa ke taruwa, su zauna a ƙasa ƙafa a miƙe, fatar a kan cinyoyinsu, kowace da layinta, tsofaffi na duba na yara. In an gama sai maza su ja ta a kan ƙwarangwal ɗin da iyakar ƙarfinsu, a zarga igiya a ɗaure tam. Tana bushewa tana tsukewa, kamar dai fatar ganga, har in ka ƙwanƙwasa ta sai ta yi ƙara. Wannan tsukewar ita ke ƙara matse mahaɗun itacen, fata ta riƙe itace, itace ya riƙe fata. Sai a shafe ta da man sil, a fi ba ɗinkin, a bari ya sha, a sake shafawa.

Yana da nasa ciwon kai. Fata in ta daɗe a ruwa tana sha, ta yi laushi ta saki, don haka bayan 'yan kwanaki sai an fito da jirgin ya bushe an sake shafa mai. Karnuka kuma nama suke ganinsa, shi ya sa a ƙauyukansu za ka ga jirage a kife a kan dogayen turaku. Sabuwar ƙanƙara mai kaifi na yanka shi. In ya ɓule a tsakiyar ruwa, akan cusa curin kitse a ramin har a kai gaɓa a ɗinke. Bayan shekara ɗaya ko biyu kuwa fatar ta gama, sai sabuwa. Ƙwarangwal ɗin ne ke daɗewa. Wato mai jirgi kullum yana bukatar sil, kullum kuma yana bukatar macen da ta iya wannan ɗinki.

Shiga kayak ma wani karatu ne. Ruwan wurin yana dab da daskarewa, wanda ya faɗa ciki cikin 'yan mintoci hannuwansa za su daina aiki, yawancin mafarautan da kuma ba su iya iyo ba, don babu inda za su koya. Jirgi mai faɗin rabin mita kuwa kifewa ba ta yi masa wuya. Mutanen Girinlan sai suka ɗinka wata rigar fata, tuwilik, wadda ke matse fuska da wuyan hannu, bakinta na ƙasa kuma a ɗaure shi a kewayen ramin jirgin. Mutum da jirgi sun zama abu ɗaya, ruwa ba shi da ƙofa. In ya kife, ba ya fita. Yana nan kai a ƙasa zai share ruwa da filafilinsa, ya murɗa ƙugu, ya dawo sama. Wani ɗan mishan Bajamushe, David Cranz, a littafinsa na tarihin Girinlan da ya fito a 1765, ya lissafa hanyoyi goma na wannan juyi, har da wanda ake yi in filafilin ya suɓuce, da 'yar sandar jifan mashi kawai. Dalilin yawansu shi ne mutum bai san a wane hali zai kife ba: wataƙila igiyar mashi ta naɗe masa hannu, sil kuma na ja. Don rage wannan haɗari ne suke ɗaura ƙarshen igiyar a jikin wata fatar sil da aka hura ta cika da iska, a jefa ta ruwa da zarar mashi ya kama, dabbar ta yi ta ja har ta gaji. Duk da haka teku ya ci maza da yawa.

Turawa sun daɗe da ganin abin. A 1577 Martin Frobisher ya kamo wani mutumin tsibirin Bafin ya kai shi Ingila, mutanen Biristol suka taru suna kallonsa yana farautar agwagi cikin kayak a kogin garin. Bai yi wata biyu a can ba ya rasu. Jirgin nasa kuwa ya yi jikoki: tun 1936 ake tseren kayak a wasannin Olamfik, na roba da ake haya a wuraren shaƙatawa ma daga nan suka samo asali.

Umiyak shi ne motar ƙaura. Tsawonsa kan kai mita 6 zuwa 10, wasu sun fi haka, yana ɗaukar mutum 20 da kaya, amma 'yan mutane kaɗan sun isa su ɗaga shi, in dare ya yi a hanya kuma a kifar da shi a gaɓa a kwana a ƙarƙashi. A Girinlan a da mata ke tuƙa shi, maza na rakiya a kayak, in iska ta yi kyau a ɗaga filafilan iska da aka ɗinka da hanjin sil. Da irin wannan jirgi, da keken ƙanƙara da karnuka ke ja, kakannin Inuwit na yau suka taso daga Alaska kimanin shekara 800 da suka wuce, suka ratsa arewacin Kanada har Girinlan. A 1949 wani mai binciken tarihi ɗan Denmak, Eigil Knuth, ya tsinci ƙwarangwal ɗin umiyak mai tsawon kusan mita 11 a Peary Land, ƙarshen arewacin Girinlan, inda ba kowa ke zaune ba a yau. An auna shekarunsa aka ga na ƙarni na 15 ne. Sanyi ya adana itacen da ɗaurinsa.

Ka tambaya ko har yanzu ana yi. Kafin yau, bari ka ji cewa an taɓa rasa shi ɗungurungum. A 1818 wani hafsan jiragen ruwan Ingila, John Ross, ya isa arewa maso yammacin Girinlan, ya tarar da mutanen da ake kira Inughuwit. Harshensu na Inuwit ne, amma ba su da jirgi ko ɗaya, ba kayak ba umiyak, ba su kuma da baka da kibiya. Kakanninsu sun san su, amma abin ya ɓace. Abin da tsofaffinsu suka riƙa faɗa shi ne wata annoba ce ta kwashe manya da suka iya, ga kuma ƙarancin itace a yankin. In ƙanƙara ta narke, ga sil a ruwa suna gani ba halin kamawa, sai su koma kama tsuntsaye da raga a jikin duwatsu. Haka suka zauna har wajen shekarun 1860, lokacin da wani boka daga tsibirin Bafin, Killarsuwak, ya iso da 'yan mutanensa bayan tafiyar shekaru a kan ƙanƙara. Su suka sake koya musu ɗaura kayak, da harbi da baka, da mashin kifi. Sana'ar da ba a rubuce take ba, jirginta kuma ba ya wuce shekara biyu da fata ɗaya, tsara ɗaya in ta tafi ba ta koyar ba, shi ke nan.

Saura ƙiris hakan ta sake faruwa a ƙarni na 20, wannan karon saboda inji. Jirgin katako da na alminiyam masu inji suka shigo, umiyak ya ɓace a Girinlan wajen shekarun 1960, kayak ma ya zama na tsofaffi a yawancin garuruwa. A tsakiyar shekarun 1980 aka aro wasu tsofaffin kayak uku daga Holan aka baje su a Nuk, babban birnin ƙasar. Samarin da suka je kallo suka ga aikin kakanninsu, abin ya taɓa su, suka nemi dattawan da suka rage su koya musu, suka kafa ƙungiyar Qaannat Kattuffiat. Tana shirya gasa ta ƙasa, inda ake gwada juyi iri fiye da 30, kuma a 1998 wani yaro ɗan shekara 16 daga Sisimiyut, Maligiaq Padilla, ya lashe ta. Yawancin na yanzu da tamfol ko nailan ake rufe su a shafa fenti, amma ƙwarangwal ɗin na da ne. A Kanak kuwa, garin jikokin mutanen nan da Ross ya tarar ba jirgi, kayak ba wasa ba ne. Dokar yankin ta hana farautar wel mai haure ɗaya da jirgin inji a cikin mashigin ruwansu, sai an lallaɓa a kayak an fara sokarsa da mashi.

Inda jirgin fata na gaske ya fi rayuwa shi ne arewacin Alaska. A Utkiyagbik, garin da ake kira Baro kafin 2016, kowace shekara ana sabunta fatun umiyak don farautar wel na watan Afrilu da Mayu. Tun bazara ake kamo wata babbar sil mai gashin baki, ugruk, wadda kan haura kilo 250, jirgi ɗaya na cin fatunta biyar zuwa bakwai. Wajen Fabrairu da Maris matar shugaban ayari ta tara masu ɗinki, da jijiyar karibu da aka kitsa tun da wuri, a ɗinke, a ja a kan itace, a ajiye a waje iska mai sanyi ta busar da shi ya yi fari. A tsibirin Sen Lorens kuwa fatar walras, wata dabbar teku ita ma, aka saba amfani da ita, ta mace, wadda kaurinta ya sa sai mata sun tsaga ta biyu da ulu, fata ɗaya ta zama shimfiɗa mai ninki biyu. Mutanen Utkiyagbik suna da jiragen inji, da su ma suke farautar watan Satumba da Oktoba. Amma a Afrilu, lokacin da sai an ja jirgi a kan ƙanƙara zuwa bakin tsagar ruwa, a zauna shiru ana jiran dabbar da kan haura tan 50 kuma take da kunne, na fata suka fi so, don ba nauyi, ba ya kuma ƙara. Da hukumar kula da farautar wel ta duniya ta hana su a 1977, sai suka kafa tasu hukumar a shekarar, yau ƙauyuka 11 ke farautar bisa adadin da aka ƙayyade. Ayarin da ya yi nasara shi ke ciyar da gari a bikin Nalukatak na watan Yuni, inda ake cire fatar jirgin a ɗinke ta, jama'a su kama gefe suna cilla mutane sama. Damuwarsu a yanzu ita ce ƙanƙara na narkewa da wuri, ita kuwa ugruk a kan ƙanƙara ake samunta.

Saura maganar fatar saniya. Zai yi yawo a kan ruwa, wannan ba shakka. Mutanen Mandan a kogin Misuri na Amurka sun yi jirage da fatar ɓauna, mutanen Tibet da fatar shanunsu, a 1976 zuwa 1977 kuma Tim Severin ya ƙetare tekun Atlantika daga Ailan zuwa Kanada cikin jirgin da aka rufe da jemammun fatun shanu 49. Amma ka lura, ta ruwan sanyi ya bi. Sanyin nan da ke wahalar da mutanen Aktik shi ke hana fatarsu ruɓewa. A ruwan Kwara mai ɗumi, ɗanyar fata za ta yi laushi ta fara wari cikin 'yan kwanaki, in ka fito da ita rana ta busar da ita ta ƙandare, ga gara ga ɓera na jira. In wani saurayi a Yauri na son gwadawa, ya ɗaura ƙwarangwal ɗin da itace mara nauyi, ya rufe da tamfol ya shafa fenti, zai sami jirgin mutum ɗaya da zai iya ɗauka a ka. Amma don lodin kasuwa da ɗaukar fasinja, Malam, jirgin katakon da kuka gada ya fi shi nesa ba kusa ba.